Haƙorin Otodus na Maroko ko na Megalodon?

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Jidda yana son ya saya wa ɗansa tsohon haƙorin kifin shak, wanda Larabawa ke kira ƙirsh, sai ya rasa wanne zai ɗauka cikin biyu: na Otodus ko na Megalodon, wasu kifayen shak na zamanin da. Duka dangi ɗaya ne, Otodontidae, kuma sun daɗe da ƙarewa. Jikinsu guringuntsi ne, shi ya sa galibi haƙora kaɗai suka rage.

Na Otodus obliquus ya fi tsufa, kusan shekara miliyan 50. Ana haƙo shi da yawa a ramukan fosfat (ma'adinin da ake yin taki da shi) na Maroko, don haka yana da araha. Gefensa sumul yake, da 'yan ƙananan tsini biyu a gindi. Amma a duba saiwar da kyau, wasu 'yan kasuwa kan liƙa ta da gam da yashi.

Megalodon kuwa ya ɓace shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Haƙorinsa kan kai santimita 17, gefensa kamar zarto, babba kuma sai mai kuɗi.

Yaro ɗan firamare da zai riƙa yawo da shi a aljihu? Ni dai na ce masa, Alhaji, ɗauki na Maroko.