Baje koli ko zaman masu zane, wanne ya fi a Jidda?

Ni dai duka biyun na je. Baje kolin fasahar Musulunci da aka fara a 2023 a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda wallahi abin kallo ne, tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, kayan Ka'aba, sai da tsigar jikina ta tashi, amma fa kallo ne kawai ka fito.

Zaman masu zane a cibiyar fasaha ta Hayy Jameel kuwa, wadda aka buɗe a 2021, nan kana zaune da mai aikin ido da ido, ka tambaye shi yadda ya haɗa kala, har na nuna wa wani zanen ɗiyata a waya ya ba ta shawara. Mu Hausawan nan masu yara, shi ya fi mana amfani gaskiya.