Cibiyar sulhu ta raba ni da rigimar indararo

Gaskiya ban taɓa zaton zan sake zama waje ɗaya da maƙwabcina ba, shekara 2 ko gaisawa ba ma yi, duk a kan indararon gidansa da yake zubo ruwa jikin katangata har siminti ya fara ɓarewa, ɗakin yara kullum danshi da wari. Na gama shirin kai shi kotu, lauyan da na je wajensa ne ma ya ce in gwada cibiyar sulhu tukunna.

Matar da aka haɗa mu da ita tun farko ta ce ita ba alƙali ba ce, ba za ta ce wane ke da gaskiya ba, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, nan za a bar shi. Ta fara ganina ni kaɗai, ta gan shi shi kaɗai, sannan ta haɗa mu. Dokarta ɗaya ce, in mutum na magana ba a katse shi, in ya gama kai za ka maimaita abin da ka ji ya ce. Wallahi nan ne jikina ya yi sanyi, don da na zo maimaitawa sai na ji bakina yana cewa ba kuɗin gyara ne ya dame shi ba, tsawar da na daka masa gaban 'ya'yansa ce. Ni fa na ma manta da ranar, ashe shi tana nan tana cin sa. Na ce Malam don Allah ka yi haƙuri, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce uffan ba.

A zama na biyu muka rubuta yarjejeniya da bakinmu, shi zai juya indararon cikin wata ɗaya, ni zan sake filastan katangata, kowa ya sa hannu.

Inda suka gaza shi ne jira, sai da na yi sati 3 kafin a ba mu rana, mai rigima da zafinta zai iya fasawa. Kuma ku sani ba su da ikon tilasta wa kowa zuwa, da ya ƙi amsa gayyatarsu shi ke nan sai kotun. Duk da haka in dai abin bai kai ga duka ko barazana ba, ku fara da su.

Shekaranjiya an kwana ana ruwa, da safe na shiga ɗakin yara na shafa bangon, a bushe yake ƙayau.