Wata tara a kan Baƙin Jaki: keken gangaren dutse da na saya na hannu a Jidda

Keken farko da na saya don gangaren dutse riyal 750 na biya, sabo fil a kwalinsa, daga irin manyan kantunan nan da ake samun komai a ciki, tun daga shinkafa har firji. Ja ne mai sheƙi, shok gaba shok baya, giya 21, tayoyi masu ƙuraje kamar bayan kada. Na ɗauka tsuntuwa na yi. Mako uku kacal ya yi a hannuna.

Ni a Jidda nake zaune, gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce sana'ata. Wasu abokan aikina 'yan Filifin ne suka ja ni cikin wannan harka. Duk ranar Juma'a tun kafin asuba suke loda kekunansu a bayan a-kori-kura su nufi Hada, kan dutsen da ke gab da Ɗa'ifa, wajen mita 2,000 sama da teku. Wanda ya san zafin Jidda da gumin da ke manne wa mutum riga ya san dalilin da zai sa a yi tuƙin sama da awa biyu don kawai a shaƙi iskar can. Rakiya na fara yi musu, ina tsaron mota ina korar birai daga kayan abinci. A zuwa na uku na ce ni ma sai na hau.

Ranar da jan keken nan ya nuna mini halinsa, wata doguwar gangara muka bi mai tsakuwa da ƙananan duwatsu. Tsoro ya sa tun daga sama na damƙe birki biyu ban saki ba. Kafin mu kai rabi na fara jin ƙauri, kamar an manta tukunya a wuta. Na ƙara matsawa, hannun birkin ya zo ya taɓa yatsuna, keken kuwa ko a jikinsa. Shok ɗin baya yana ta cilla ni sama kamar sifirin ɗin tsohuwar katifa, don babu abin da ke rage masa dawowa. Da na hango kwana a gabana, bayanta kuma rami, sai na zaɓi wani kurmin ƙaya na faɗa ciki da gangan. Gwaggon biri guda yana zaune kan dutse yana kallona har na gama cire ƙaya daga cinya. Wilin gaba ya lanƙwashe kamar faifan tuwo da aka zauna a kai. Laifi biyu ne a nan, nawa da na keken: ni na riƙe birki har ya ɗau zafi, shi kuma birkin waya ne mai ƙaramin faifai da ba a yi shi don irin wannan wuri ba.

Akwai wani dattijo a cikin abokan nan 'yan Filifin, bakaniken keke ne tun yana ƙasarsu. Ya juya keken, ya danna shok ɗin da tafin hannu, ya ce mini cikin Larabcinsa na kasuwa: kuɗin da bai isa sayen shok ɗaya na kirki ba, an raba shi an yi biyu, an kuma haɗa da keke. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu, amma a kan dutse har haƙori takan cire.

Daga bakinsa na fahimci cewa abin da ake kira keken gangara na ainihi, irin na masu gasa, wata dabba ce daban. Shok ɗinsa na gaba da na baya kowanne yana nutsewa wajen milimita 200, nauyinsa yakan kai kilo 16 zuwa 18, kuma sabonsa ya haura riyal 10,000 nesa ba kusa ba. An yi shi ne don wuraren da ake ɗaukar mutum da kekensa a kai shi ƙololuwa, shi dai ya gangaro. Mu kuwa a hanyoyin da muke bi, duk abin da za ka gangara sai ka fara hawansa da ƙafarka, in ba ranar da aka samu mai mota ya yarda ya riƙa jigila ba. Ka ce za ka tuƙa irin wancan keken zuwa sama, ka nemi wahala da kuɗinka. Shawararsa ita ce in nemi mai shok ɗaya a gaba, bayansa sandararre, amma ƙirar gangara, kuma na hannu. Ya lissafo mini irin su Trek Roscoe da Giant Fathom da Marin San Quentin, ya ce duk wanda ya faɗo cikin wannan dangi in duba shi. Su Trek Marlin da Giant Talon, waɗanda suka fi yawa a kasuwa, kekuna ne masu kyau, sai dai sun fi karkata ga doguwar tafiya a hanyar ƙasa, shok ɗinsu bai cika wuce milimita 100 ba.

Mako shida na yi ina leƙa manhajar Haraj, inda ake saye da sayar da kayan hannu, safe da dare, har uwargida ta fara tambaya ko aure zan ƙara. Na farko da na je gani, a wani wurin ajiye motoci ne bayan sallar isha'i. Keke ya yi kyau a hoto, ya yi kyau a ido. Sai dai akwai wata sitika da aka liƙa a wuyan firam, daidai inda aka yi walda, wurin da ba a saba liƙa komai ba. Na roƙi mai shi ya bari in ɗaga gefenta. Ya yi jim. Na haska fitilar waya, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta bi layin waldar. Firam ɗin alminiyum in ya tsage a wuya, zance ya ƙare. Na ce masa Allah ya kawo kasuwa, na kama gabana.

Wanda na saya daga ƙarshe na wani injiniya ne Bamisire da zai koma gida gaba ɗaya, yana ta rabuwa da kayan ɗakinsa. Irin waɗannan su ne abin nema a ƙasar nan, don mai tikiti a hannu ba ya jan ciniki. Ya ce 3,200, na ce 2,400, muka tsaya a 2,600, ya haɗa mini da famfon shok. Kafin in miƙa kuɗi na yi abin da dattijon ya koya mini: na shafa sandunan shok da farce ko zan ji ƙarzuwa, na matse birkin gaba na jijjiga keken ko wuya zai yi ƙas-ƙas, na ɗaga kowane wili na juya shi in ga ko yana rawa, na bi duk wata walda da fitila. Sarƙar ta ci, takalman birki sun kusa ƙarewa, sauran lafiya lau. Baƙi ne wuluk, ba ado ba kwalliya, shi ya sa yara suka sa masa Baƙin Jaki, sunan kuma ya bi shi.

Wilinsa inci 29 ne, shok ɗin gaba na iska mai nutsewar milimita 130, giya 12 a baya da faranti ɗaya tak a gaba, birkin mai, da sirdi mai sauka. Tsayina santimita 174, girman M ya zauna mini daidai.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ƙafar gaba ta miƙe can gaba. A kan jan keken nan na farko, in na fuskanci gangara ji nake kamar an ɗora ni a kan wilin gaba ana shirin tuntsurar da ni. A wannan kuwa wilin yana gabana, ni ina bayansa, ko ya ci karo da dutse hayewa yake yi maimakon ya tsaya cak. Wannan kwanciyar wuyan ita ce ta raba shi da kekunan hanya, kuma ba abin da za ka iya ƙarawa sosai daga baya ba ne. In firam bai zo da ita ba, ɗan kaɗan kawai za a iya gyarawa.

Sai sirdi mai sauka. Da farko raina shi na yi, na ce kayan 'yan gayu ne. Ɗan maɓalli ne a ƙarƙashin babban yatsan hagu: ka danna ka zauna, sirdin ya nutse, ka miƙe tsaye a kan feda ba abin da ke dukan ka daga ƙasa. In an zo hawa ka sake dannawa ya dawo. Yanzu in aka ce in zaɓa tsakanin shok ɗin baya da wannan sirdi, a matsayina na ɗan koyo, sirdin zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Birkin mai kuwa yatsa ɗaya ya ishe shi, sauran huɗun suna riƙe da kan keke. A nan akwai abin da zan ja kunnen duk wanda ya koyi keke a gida a kan tsohon Raleigh ko Phoenix: ka tabbatar wane hannu ne ke riƙe da birkin gaba kafin ka hau. A yawancin kekunan da ake sayarwa a nan hagu ne gaba, a ƙirar Ingila kuwa dama ne. Hannu yana da nasa tunanin, ranar firgita abin da ya saba zai yi. Ni da nake da kilo 88, na cire faifan gaba na milimita 180 na sa na 203, don babban faifai ya fi jure zafi a doguwar gangara. Na kuma koyi matsawa da saki, matsawa da saki, maimakon riƙewa. Tun daga nan ban sake jin ƙaurin nan ba. In za ka ƙara mai, ka duba irin wanda birkinka yake sha: na Shimano man minaral ne, wasu kuma DOT suke sha irin na mota, kuma haɗa su yana lalata robobin ciki.

Tayar gaba ma na canja ta, na sa Maxxis Minion DHF mai faɗin inci 2.5. Ƙasar Hada da Shafa, wani dutsen da muke zuwa kusa da Ɗa'ifa, busasshiya ce, tsakuwa a kan dutse, kamar ka zuba gero a kan siminti. Wannan taya ta rage mini zamewa a kwana fiye da duk wani abu da na kashe wa kuɗi.

To, ba duka ne zuma ba. Keke marar shok a baya ba ya rufa wa kowa asiri. Duk dutsen da ka taka sai ya isar da saƙo ta dugaduganka zuwa ƙugu. Watan farko in na dawo, ranar Asabar da ƙyar nake hawa tsani a wurin aiki. Inda duwatsu suka yi yawa a jere, masu shok biyu wucewa suke yi kamar ruwa, ni kuwa sai na rage gudu na zaɓi inda zan sa taya, in kuma na yi ganganci ƙafata ta tashi daga feda. Dattijon ya ce wannan ita ce makarantar, wai wanda ya koya a irin wannan ya iya karatun hanya. Na yarda da shi rabi. Ɗaya rabin, bayana ne ke da ta cewa.

Sai maganar ƙaya da zafi. Tayoyin ba su da tuf, wani farin ruwa kamar madara ake zubawa a ciki, in ƙaya ta huda sai ya toshe ramin da kansa. Yana aiki ƙwarai: wata rana na ƙirga ƙaya bakwai a tayar baya, iska ba ta sauka ba. Abin da ban sani ba shi ne zafin Jidda yana busar da shi da wuri. Keken yana kwana a baranda, bayan wata biyu da 'yan kwanaki na yi faci a Shafa, ruwan bai fito ba. Da muka ɓalle tayar, abin da ke ciki ya dunƙule ya zama kamar ƙwallon danƙo. Na tura keke kusan kilomita uku zuwa mota. Yanzu duk wata biyu nake ƙarawa, kuma ba na fita ba tare da tuf guda a jaka ba. Ƙura ma tana cin sarƙa mai giya 12 da sauri, ga ta da tsada, don haka duk dawowa sai na goge ta na sa mata man da ba ya kama ƙura.

Ga lissafin, don wanda ke tara kuɗi: keke 2,600, taya 230, faifai da takalman birki 190, ruwan faci 70, hular kwano 280, kariyar gwiwa da safar hannu 250. Jimla riyal 3,620, ban sa sarƙar da na canja daga baya ba, ban kuma sa 750 ɗin da na zubar a kurmin ƙaya ba. Wanda ke da 3,000 cif a hannu, kada ya kai su duka ga keke. Ya nemi na 2,200 ya bar sauran wa kai da gwiwa. Hular da nake da ita buɗaɗɗiya ce, ta isa irin gudun da nake yi yanzu, amma wanda zai fara tsalle ko bin wurare masu tsananin gangara, mai rufe haɓa ita ce tasa.

Wanda ba zan ba shi shawarar wannan keke ba shi ne mai ciwon baya, da wanda ya riga ya ƙware yana neman gudu, da kuma wanda yawon bakin teku kawai zai riƙa yi da yamma, don tayoyin nan a kan kwalta jan ƙafa suke yi suna gurnani.

Kawuna da ya shekara fiye da talatin a Makka ya zo gidanmu kwanakin baya, ya tarar ina wanke keken. Ya zagaya shi sau biyu, ya danna sirdin ya ga ya nutse, ya ja da baya.

"Kai ɗan nan, nawa ka ce?"

"Dubu biyu da ɗari shida, Kawu."

"Ba kariya, ba ƙararrawa, ba ko wurin ɗaura buhu?"

"Babu, Kawu."

Ya girgiza kai ya shige ciki. Bayan la'asar na leƙo ta taga, sai ga shi ya tattare jallabiya yana zagaya layin da shi, yana danna maɓallin sirdin yana sauka yana tashi. Hutun da ke tafe muna shirin zuwa Abha, mu gwada gangaren wajen Sauda, inda dutsen ya kai kimanin mita 3,000. Kafin nan sai na sayi hula mai rufe haɓa, kuma an ce in sa sababbin takalman birki tun daga gida.