Katako, bulo, taya ko buhu: wanne za ka saya kafin ka fara shuka ganye a gida?

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na fara shuka ayoyo da alefu a bayan ɗakinmu a unguwar Aboabo nan Kumasi mutane ke tambayata da me na haɗa wurin, don kun san gidajenmu na Zango, tsakar gida duk siminti ne, inda ba siminti kuma jar ƙasa ce mai tauri wadda ruwan wanki ya gama kashewa. Toh dole sai dai ka yi akwati ka zuba ƙasa mai kyau a ciki. Amma kafin ka cire ko sidi ɗaya ka fara tambayar kanka, gidan naku ne ko haya kake?

Katako shi kowa ke fara tunani, ni ma da shi na fara. Na sayi katakon da ake kira wawa saboda arha, kafinta ya buga min akwati mai kyau, wallahi damina biyu bai cika ba gara ta cinye ƙasansa, wata rana da safe na tarar gefe ɗaya ya buɗe ƙasa ta zube da tumatir ɗina a ciki, abin ya yi min ciwo sosai. Wawa itace ne mai laushi, ba ya jure laima, kuma nan Kumasi ruwa sau biyu muke sha a shekara, babban daga Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙaramin daga Satumba zuwa Nuwamba. In katakon kake so dole, ka je kasuwar katako ta Sokoban ka nemi mai tauri irin odum, gara ba ta cika son shi ba, sai dai kuɗinsa ba wasa. Kuma don Allah kar ka yarda a shafa masa baƙin man mota wai maganin gara, abin da za ka zuba a miyar yaranka ne zai fito a wurin.

Bulo kuwa in gidanku ne kar ma ka tsaya dogon tunani. Bulon da ake bugawa a nan tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa inci 9, kenan akwati mai ƙafa 8 da ƙafa 4 zai ci wajen bulo 16 a layi ɗaya, layi biyu 32. Ba sai ka sa siminti ba, jerawa kawai za ka yi ka bar 'yan kafofi ruwa ya riƙa fita. Gara ba ta cin shi, ruwa ba ya ruɓar da shi. Matsalarsa nauyi, ranar tashi daga gida sai ka nemi aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, wani mai gidan ma ba zai yarda ka fara ba.

Shi ya sa ɗan haya nake ba shi shawarar buhu ko jarka. Buhun shinkafa ko na abincin kaji kusan kyauta ne, ka naɗe bakinsa, ka huda ƙasa, shi ke nan, amma rana na cin shi, in ya yi shekara ya gode. Jarkar nan rawaya da muke ce wa Kufuor galan ta fi ƙarko, ka yanke gefe ɗaya ka wanke man girkin sosai, barkono ɗaya ko kuɓewa ɗaya na zama lafiya a ciki. Duro shuɗi ma in an raba shi biyu yana da kyau, amma ka san me aka taɓa zubawa a ciki, in mai sayarwa ya fara kame-kame ka bar masa kayansa.

Taya kam ga ta nan birjik a wajen makanikan Suame Magazin, ni dai fulawa nake shukawa a ciki, ba abin ci ba. Tana ɗaukar zafi, kuma in ruwa ya kwanta a lungunta sauro ne zai haihu. Kwanon rufi shi ma zafi, ga tsatsa, ga kaifin baki inda yara ke wasa.

Inda nake so ku kashe kuɗin shi ne ƙasa, don ita shukar ke ci. Akwatin ƙafa 8 da 4 mai zurfin ƙafa 1 zai sha baro goma sha wani abu, mutane da yawa ba sa lissafa wannan sai akwati ya zo su ga aljihu ya ƙare. Baƙar ƙasa za ka nema, ka damƙa a hannu ka shinshina, in ka ga leda da kwalba da tsohon batir daga bola aka kwaso ta, kar ka karɓa. Ka haɗa da kashin kaji wanda ya daɗe a ajiye ya huce, ɗanye ƙone shuka yake yi. Ganye irin ayoyo, alefu da latas zurfin ƙafa 1 ya ishe su, tumatir da kuɓewa sun fi son ƙafa ɗaya da rabi. Faɗi kuma kar ya wuce ƙafa 4 don hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ƙasar ba, in a jikin bango ne ƙafa 2 ya isa.

Wurin ya samu rana kamar awa 6. Lokacin hunturu daga Disamba ƙasar akwati na saurin bushewa, buhu ma ya fi, sai ban ruwa safe da yamma. Sannan ka ware kuɗin raga tun farko, ko tsohon gidan sauro ne ka kewaye da shi, don akuyar maƙwabta da kaji a yini ɗaya za su gama da aikin wata guda.