Akoko ya fitar da ni kunya a Argungu, amma bai gama gamsar da ni ba

Na daɗe ina ɗaukar hirarraki da kyamara a Birnin Kebbi da kewaye, kuma babu abin da ke wahalar da ni kamar ranar tsaka, wadda take cika kwarmin ido da inuwa ta bar goshi yana ƙyalli. Ƙyallen da aka ƙera musamman don tausasa haske ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka na shiga kasuwa na sayi farar shadda yadi 5, bisa zaton cewa fari duk fari ne.

A bakin kogin Matan Fada da ke Argungu na gane kuskurena. Mun zaunar da wani dattijon masunci a inuwa, homarsa da gorarsa a gefe, muka miƙe shaddar a cikin rana domin ta maido masa haske a fuska. Shadda bugaggiya ce, sheƙinta ya riƙa jefa haske tsiri-tsiri, dattijon ya dinga runtse ido har ya ce, "Yaro, wannan madubin naka zai makantar da ni." Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne launin, domin fatarsa ta fito da shuɗi-shuɗi kamar tufar da aka cika wa bula. Yawancin fararen yadudduka ana sa musu sinadarin ƙara fari, wanda yake ɗaukar wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya maido shi da shuɗi, kuma kyamara ba ta ɓoye wannan.

Na ce, "Baba, a yi mana haƙuri kaɗan," sannan na warware akokon da nake naɗe ƙafafun kyamara da shi, wanda na saya da arha ba don wannan aiki ba. Da muka ɗaga shi a inda shaddar take, sai na tsaya ina kallon allon kyamara na kasa magana. Hasken ya kwanta a kuncinsa lumui, furfurar gemunsa ta fito ɗaya bayan ɗaya, baƙar fatarsa ta ɗauki wani ɗumi mai kyau, domin audugar da ba a wanke ta da sinadari ba tana da ɗan rawaya-rawaya kuma ba ta sheƙi. Ga shi iska tana kaɗa shi ba ya ƙara, alhali shaddar tana ta kacau-kacau a cikin makirufo.

Da murnata na koma na sayi yadi 9, tela ya haɗa mini falle uku ya yi ƙafa 8 kowane gefe. Na tambayi mai shagon, "Alhaji, ba ya tsukewa idan an wanke?" Ya tabbatar mini cewa ba ya yi. Ƙurar hunturu ta mayar da shi ja cikin mako biyu, na wanke, ya tsuke har igiyoyinsa suka kasa kaiwa ƙarfen da na sa aka yi masa, kuma har yau wannan maganar tana ci mini rai.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba a Argungu. Idan aka rataye shi tsakanin fitila da mutum domin haske ya ratsa, yana cinye hasken sosai, ƙananan fitilun LED ɗina ba sa iya huda shi, kuma idan ya matso kusa da mutum layin ɗinkin yana barin inuwa. A nan harsa irin ta rawani ta fi shi nesa ba kusa ba, sai dai a ninka ta biyu. Kusa da fitilar halojin mai tsananin zafi kuwa ba na yarda ya je, tunda auduga ce da ba a yi mata maganin wuta ba.

Don maido da hasken rana a fuska zan sake sayensa, amma sai na jiƙa shi ya bushe kafin tela ya sa masa almakashi.