Sharhi kan ma'aunin Maslach a sashen gaggawa

Maslach Burnout Inventory, wanda Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar a 1981, tambayoyi 22 ne da ke auna gajiyar zuciya, da bushewar tausayi ga marasa lafiya, da gamsuwar ma'aikaci da aikinsa. A ganina ɓangaren tausayi ya fi amfani a sashen gaggawa, domin ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye tana karɓar waɗanda suka yi haɗari da wuya ta furta cewa tausayinta ya fara dushewa, amma tana iya bayyana hakan a rubuce. Cike shi ba ya cin lokaci. Sai dai lasisinsa na kuɗi ne, kuma ba ya tambaya kan ƙarancin ma'aikata ko yawan aikin dare.