An soke mana Umara a Ingila, kuɗinmu ya dawo a kwana tara

Ranar wata Talata da sassafe na tashi daga aikin dare, ina tsaye a tashar bas cikin hunturun Mancesta, sai saƙo ya shigo ta imel daga kamfanin da muka biya wa kuɗin Umara. Layi huɗu ne kacal. Wai waɗanda suka yi rajista a ayarinmu ba su kai adadin da ake buƙata ba, saboda haka an soke tafiyar. Saura kwana 26 mu tashi. Fam 4,300 muka biya, ni da maiɗakina da babban ɗanmu, jirgi da masaukin Makka da Madina da motar ziyara duk a dunƙule, kuɗin da muka yi wata 14 muna tarawa. Gabana ya yanke ya faɗi. Bas ya zo ya wuce ina tsaye, ba abin da nake tunawa sai Gwaggona da ke Gwammaja da abin da ya same ta.

Da na isa gida na yi abin da duk ɗan Kano zai yi. Na kira wani dattijo ɗan ƙasarmu da muke masallaci ɗaya, wanda ya fi shekara talatin a nan, na roƙe shi ya raka ni mu yi kamun ƙafa, ko albarkacin furfurarsa a ba mu rabi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ba roƙo za ka je yi ba. Ina takardar da suka ba ka ranar da ka biya?" Na ce, "Tana nan, Baba." Ya ce in ɗauko ta in same shi bayan azahar.

A falonsa ya zaunar da ni ya warware mini zare da abawa. Akwai doka a ƙasar nan ta 2018 game da tafiyar da aka sayar a dunƙule, wato wadda kamfani ya haɗa maka aƙalla abu biyu, kamar jirgi da masauki, a farashi ɗaya. Idan kamfanin ne ya soke, dole ya mayar maka da kuɗinka cif cikin kwana 14. Ba ruwanka da cewa ya riga ya tura wa otal kuɗi, ko kamfanin jirgi bai biya shi ba tukuna. Wannan tsakaninsu ne. Dokar ta yarda ya soke idan mutane ba su cika ba, muddin ya rubuta wannan sharaɗi tun farko, kuma ya sanar da kai aƙalla kwana 20 kafin tashi idan tafiyar ta wuce kwana shida. A nan ba za ka samu diyyar ɓata maka lokaci ba, amma uwar kuɗinka ba a taɓa ta. Haka idan suka ƙara farashi fiye da kashi 8 cikin ɗari, kana da ikon cewa ka fasa, a ba ka abinka.

Washegari na je ofishin ni kaɗai. Wanda ya tarbe ni Musulmi ne, ya yi mini sallama da fara'a, ya ba ni haƙuri, sannan ya kawo shawarar su riƙe kuɗin a wurinsu su saka mu a ayarin ƙarshen shekara. Ya iya magana ƙwarai, har na ji nauyin ce masa a'a, irin nauyin nan da aka rene mu da shi. Amma Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa wannan tayi ne kawai, ba tilas ba. Na ce kuɗina nake so. Bai ɗaure fuska ba, bai ce in dawo mako mai zuwa maigida ya yi tafiya ba. Ya juya kwamfutarsa ya nuna mini lambobin ƙarshe na katin da na biya da shi, ya tambaya ko nan za a mayar. Na ce nan ne. Ya buga takarda ya sa hannu ya miƙo mini. Duka zaman bai kai minti goma sha biyar ba. Kwana tara bayan saƙon sokewar, ina cikin ba wani tsoho magani a asibiti, wayata ta yi ƙara a aljihu. Da na samu sarari na duba, fam 4,300, ko sisi ba a cire ba. Sai da na shiga ɗakin hutu na zauna, idona ya ciko.

Ba wai mutanen nan sun fi mu tsoron Allah ba ne. An dai ɗaure su ta inda ba za su motsa ba. Takardar da Baba ya sa na ɗauko ita ake kira shaidar ATOL, tsarin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ke gudanarwa tun 1973. Kamfanin da ke sayar da tafiyar dunƙule mai jirgi a ciki sai da wannan lasisi, kuma a kan kowane matafiyi yana zuba fam 2.50 a wani asusu. Ranar da kamfani ya karye, daga asusun ake biyan waɗanda ba su tafi ba, a dawo da waɗanda ke waje. A Satumban 2019 kamfanin Thomas Cook, mai shekara 178 a duniya, ya durƙushe dare ɗaya da mutanen Birtaniya wajen 150,000 a ƙasashen waje, aka yi hayar jirage aka kwaso su cikin mako biyu. Ga kuma katin bashi na banki: wata doka ta 1974 ta ce idan abin da ka saya ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba, bankin da mai sayarwa duk suna da alhakin kuɗinka. Da yawanmu muna gudun katin saboda riba, masu amfani da shi kuma sukan biya kafin wata ya cika don kada ruwa ya hau.

Inshora ce ta ɓata mini rai, kuma har yau ban huce ba. Fam 96 na biya mana mu uku, an ma ƙara kuɗin ne don na faɗi gaskiya cewa maiɗakina tana da hawan jini. Da aka soke tafiyar, akwai asarar da kamfanin Umara ba zai ɗauka ba: tikitin jirgin ƙasa zuwa Landan da ɗakin da muka kama kusa da filin jirgi, fam 210, waɗanda na saya da kaina. Na kira masu inshora. Minti hamsin ina riƙe da waya, na'ura tana ce mini danna ɗaya, danna uku, ana kaɗa mini kiɗa. Da mutum ya ɗauka, cikin ladabi mai sanyi kamar ƙanƙara ya ce sokewar kamfani ba ta cikin dalilan da suke biya a irin takardar da na saya. Na koma na karanta shafukan nan masu ƙananan rubutu, na ga gaskiyarsa. Tasu ita ce idan kai ne ka fasa saboda ciwo ya kwantar da kai, ko ɗan'uwa na kusa ya rasu, shi ma sai sun cire wani abu daga kai kafin su biya. Shi ya sa ake cewa a saye ta ranar da aka biya kuɗin tafiya, ba jajibirin tashi ba. Wanda kuma ya ɓoye ciwon da yake da shi, ya zubar da kuɗinsa ne. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne jerin waɗanda suka kira 'yan'uwa na kusa. Na bi shi layi-layi, babu ƙanwar uba. Matar da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, a takardarsu bare ce.

A ranakun nan tara babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce Allah ya mayar da alheri. Da a gida ne, kafin la'asar zaure ya cika, maƙwabta sun aiko da kunu, an yi ta jajantawa har zuciya ta yi sanyi. Nan kuwa daga aiki sai ɗaki, sai ruwan sama a jikin taga. Na yi kewar Kano a makon nan fiye da yadda na yi a kowace Sallah.

Sai dai jajen nan shi ne duk abin da Gwaggo ta samu. A farkon 2023 ta sayar da sarƙarta ta gwal, ta haɗa da kwasar adashi biyu, ta ba wani ejan ɗin jirgin yawo naira miliyan 2 da rabi don Umarar azumi. Ɗan unguwa ne, yana auren 'yar ƙawarta. Cikin asusunsa na kansa aka tura kuɗin, shaidar kawai saƙon WhatsApp mai cewa "na gani, Hajiya". Ta ɗinka fararen kaya, ta yi sallama da dangi. Goman farko ta wuce, ta tsakiya ta wuce, biza ba ta fito ba. Aka ce a yi haƙuri, Allah bai kira ta ba. Wannan magana gaskiya ce, ni ma ita na faɗa wa kaina a tashar bas. Amma rashin kira ya shafi tafiya ne, bai halatta wa kowa kuɗin tsohuwa ba. An zauna gaban mai unguwa sau biyu. Yana biya da dubu ɗari yau, dubu hamsin bayan wata uku. Lokacin da ta ba shi, dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji ta Wapa. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ko da ya cika mata yau, abin da zai ba ta ba zai kai ta Jidda ba.

Kuma ba wai babu inda za a kai ƙara ba ne. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, ana iya tambayar ejan ya nuna nasa kafin a ba shi ko kwabo. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumarta, akwai kotu, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai ƙyamar inshorar da aka saba. Mu ne ba ma so. Neman rasit a wurinmu rashin yarda ne, cewa a rubuta sharaɗin mayar da kuɗi fatan tsiya ne ga tafiyar ibada, kai ƙara kuwa tonon asiri. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ɗan kasuwar Kwari ba zai saki dila ɗaya ba tare da ya shigar a littafi ba, amma shi ɗin zai tura miliyoyin Umarar mahaifiyarsa a kan "ai ɗan gida ne".

Daren da kuɗinmu ya shigo na kira ta. Na ce, "Gwaggo, ki bari Yaya ya je da mutum biyu a rubuta abin da ya rage, da ranar biya, ya sa hannu." Ta yi shiru, ina jin kukan awakinta ta cikin wayar. Can ta ce, "Ɗan nan, da wane ido zan kalli uwar matarsa?" Na ce ni zan kira uwar matar da kaina in ba ta haƙuri, amma a rubuta. Ta ce to, bari ta yi shawara. Saura naira dubu 900 a hannun ejan ɗin, kuma Yaya ya ce ranar Asabar zai je.